Yadda Muryar Mawaƙin Gambara Ke Sauyawa da Shekaru, da Yadda Za Ka Riƙe Linzamin Taka

Duk mawaƙin gambarar zamani, wato rap, da ya shekara goma yana sana'a, in aka jera waƙarsa ta farko da ta bana za a ji kamar mutum biyu ne. Muryar ta yi kauri ko ta dusashe, gudun ya ragu, abin da ke cin ransa ya canza. Wannan sauyi ba ya neman izinin kowa. Abin da ke hannun mawaƙi shi ne ya san lokacin da yake faruwa, ya gane daga ina ya fito, ya zaɓi abin da zai saki da abin da zai riƙe. Bayanin nan na matasan da ke shiga situdiyo a Gusau, Ƙauran Namoda, Talatar Mafara, Birnin Kebbi, Argungu da Yawuri ne, har da furodusoshin da ke zama da su, domin sau da yawa furodusa kan riga mai muryar jin sauyin.

Daga wuri uku sauyin ke fitowa: jiki, gwaninta da rayuwa. Kowanne da maganinsa, kuma yawancin ɓarnar da ake yi daga rikita su ne. Mutum maƙogwaronsa ya kumbura, ya ce ya samu sabon salo. Wani zubinsa, wato yadda yake jera kalmomi a kan kiɗa, shi ne ya tsufa, ya ɗora wa makirufo laifi.

Fara awo a kan muryar wani

Zaɓi mawaƙi ɗaya da ya daɗe, ka ɗauko waƙoƙinsa uku: ta farkon fitowarsa, ta lokacin da yake tashe, da ta baya-bayan nan. Baiti ɗaya daga kowacce ya isa. Ka saurari kowane baiti sau huɗu, kowane sauraro da aikinsa.

A na farko ka manta da kalmomi, ka bi muryar kawai. Daga hanci take fita, ko baki, ko ƙirji? Siririya ce ko kakkaura, sumul take ko da kaushi? A na biyu ka ƙirga gaɓoɓi. Layi a nan na nufin bugu huɗu na kiɗa, baiti kuma bisa al'ada layi 16 ne. Rubuta layi huɗu na farko, ka ƙirga gaɓoɓin kowanne. A na uku ka sa alama duk inda ya ja numfashi, da inda amsa-amo ya faɗo, ko a ƙarshen layi ne kaɗai ko har a cikinsa. A na huɗu sai ka saurari maganar kanta: da wa yake yi, a kan me, kuma "ni" ce ta fi yawa a bakinsa ko "kai" ko "mu".

Mawaƙan Amurka sun fi sauƙin yi wa wannan awo don tarihinsu a ajiye yake. Muryar Eminem ta 1999 ta hanci ce, siririya, mai ba'a. Zuwa 2010 ta koma ƙirji, da ƙarfi kusan ihu. Jay-Z ya fara a ƙarshen shekarun 1980 da gudu kamar ana korarsa, a 1996 ya riga ya sassauta har zubinsa ya yi kama da hira, a 2017 kuwa, yana da shekara 47, maganar aure da 'ya'ya da abin da zai bar musu yake yi, cikin murya marar hayaniya. Da ka gama da su ka yi wa mawaƙan gambarar Hausa na Kaduna, Bauchi, Jos da Kano irin wannan awo, domin matsalolin harshe da suka sha su ne za ka sha.

Ajiye ma'aunin kanka

Kunnenka ba ya jin muryarka yadda mutane ke ji, saboda kai har ta ƙashin kanka kake jin ta, sai ta zo maka da kaurin da ba ta da shi a waje. Ɗauka ce kawai shaida.

Rubuta layi takwas waɗanda ba za ka taɓa fitarwa ba, ka ajiye su don awo. Duk wata shida ka ɗauke su a kan kiɗa ɗaya mai bugu 90 a minti, da makirufo ɗaya, tazarar baki ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. Da yamma ya fi, domin muryar safiya ta fi sauka. Kada a sa wa ɗaukar komai na gyara. Ka ƙara da daƙiƙa 30 na magana ta yau da kullum. Ka ajiye fayil ɗin a WAV, nau'in fayil da ba ya matse sauti, da kwanan wata, a wuri biyu. Kada ka dogara da saƙon murya na WhatsApp, yana matse sauti ya zubar da ainihin abin da kake son ji.

A littafi ka rubuta sau nawa ka ja numfashi a layi takwas ɗin, wane layi ne ya ba ka wahala, da tsayin muryar maganarka, wato kaurinta ko sirantarta. Manhajar daidaita jita ta waya tana nuna wannan. Muryar magana ta baligin namiji kan faɗo tsakanin 85 da 180 a ma'aunin Hz, ta mace tsakanin 165 da 255. Lambar kanta ba ta da muhimmanci, motsinta daga awo zuwa awo ake dubawa.

Abin da jiki ke yi

Muryar namiji kan fashe tsakanin shekara 12 da 15, amma ba ta gama zama sai an shiga shekaru ashirin. Yaron da ya fara gambara yana ɗan 16 ya sani cewa muryar da ya gina salonsa a kai aro ce. Kuskuren da aka fi yi a wannan shekaru shi ne danne maƙogwaro don a yi muryar manya. Ana samun kaurin na minti biyar, sannan wuya ya ƙage, ƙarshen layi ya riƙa mutuwa. Bar muryar inda take, kauri zai zo da kansa.

Wani sauyin kuma ƙaddara ce. An harbi mawaƙin Amurka 50 Cent sau tara a shekarar 2000, harsashi ɗaya ya same shi a fuska, lafazinsa ya ɗan yi nauyi, kuma da wannan lafazin duniya ta san shi a 2003. The D.O.C., shi ma mawaƙin Amurka, ya yi hatsarin mota a 1989, watanni kaɗan bayan kundinsa na farko, maƙogwaronsa ya murƙushe, muryar ba ta koma yadda take ba. Amma mafi yawan muryoyin da ke lalacewa a nan ba hatsari ke cin su ba, sakaci ne na kullum.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na busar da tantanin murya, ƙura kuma na sa yawan gyaran murya da tari, wanda shi ma gurza tantanin yake yi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, gumi ya kwashe ruwan jiki. A duk lokutan biyu ka sha ruwa lita biyu zuwa uku a yini, kaɗan-kaɗan, ba a zama ɗaya ba. Ruwan da ka sha a ƙofar situdiyo bai kai ga muryarka a take, na sa'o'in baya ne ke aiki. Zuma da citta suna sanyaya maƙogwaro, amma abin da aka haɗiye ba ya bi ta kan tantanin murya, hanyarsa daban. Tururin ruwan zafi na minti goma shi ne ke isa can kai tsaye. In za ka hau babur cikin hazo, rufe hanci da baki. A watan azumi, wanda zai yi ɗauka ya bari sai dare, bayan ya sha ruwa sosai kuma abinci ya faɗa.

Kafin ɗauka ka ɗumama murya minti goma: gunji da baki a rufe daga ƙasa zuwa sama, karkaɗa leɓe, sannan karanta baitin a hankali ba kiɗa. Bayan minti 45 na ɗauka ka huta minti 15 ba magana. Ranar da murya ta dusashe kada ka koma raɗa, raɗa ma wahalar da tantanin take yi. Shiru ne magani. Tuwo ko tsire mai yaji da tsakar dare sannan a kwanta nan take yana turo tsamin ciki zuwa maƙogwaro, a tashi da murya a shaƙe. Ka bar sa'a biyu zuwa uku tsakanin ci da kwanciya.

Sigari, shisha da wiwi suna kumbura tantanin. Kaushin da suke kawowa kan yi wa wasu daɗi a kunne, amma tare da shi saman muryar ke tafiya, numfashi ya gajarta. Kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tarinsa da shigo da shi a 2018, yana kashe kaifin harshe, mutum ya riƙa faɗowa bayan kiɗa ba da niyya ba. Duk dusashewar da ta wuce mako uku ba salo ba ce, aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne.

Zubi, da harshen da ka tashi da shi

Nan ne gwaninta ke nuna shekaru. A kiɗa mai bugu 90 a minti, layi ɗaya daƙiƙa 2.7 ne, baiti mai layi 16 kusan daƙiƙa 43. Kowane layi yana da gurbi 16 na gajerun gaɓoɓi. Wanda ya cika su duka yana furta gaɓa shida a daƙiƙa. Sabon shiga kusan kullum cika su yake yi, don yana tsoron kada a ce ba shi da gudu. Sakamakon shi ne numfashi ya ƙare a layi na uku, a riƙa ɗaukar baiti guntu-guntu ana haɗawa a kwamfuta, ranar hawa dandamali kuma asiri ya tonu.

Ga wani abu da mai kwaikwayon zubin Turanci ba ya lura da shi. Gaɓoɓin Hausa iri biyu ne, marasa nauyi da masu nauyi, wato masu dogon wasali ko masu rufewa da baƙi. Gaɓa mai nauyi tana son kusan gurbi biyu. In ka cusa ta a gurbi ɗaya, dogon wasali ya gajarce, Bahaushe ya ji kalmar ta karye ko ta koma wata. Saboda haka layin Hausa mai gaɓa 10 zuwa 12 ya fi zama daram a wannan gudun. Mai son ya wuce haka sai ya tara kalmomi masu gajerun gaɓoɓi da gangan, ya ajiye masu nauyi a kan bugu na biyu da na huɗu inda ganga ke sauka.

Matakan da zubi kan bi kusan sanannu ne. Da farko amsa-amo a ƙarshen layi kaɗai, gaɓa ɗaya, yawanci "-wa" ko "-ya", domin Hausa cike take da su, kuma shi ya sa ba sa burge kowa. Daga nan amsa-amon gaɓa biyu ko uku. Daga nan na cikin layi, irin wanda mawaƙin Amurka Rakim ya yi fice da shi tun 1987 cikin murya natsattsiya a lokacin da sauran ke ihu. Mataki na ƙarshe, wanda ya fi wuya, shi ne barin gurbi: a yi shiru na bugu ɗaya bayan magana mai nauyi don ta zauna. Ka gwada shi a kan tsohon baitinka. Cire kalma ɗaya cikin kowace huɗu, fara da su "ai", "fa", "kuma", "wai" da aka sa don cike gurbi, ka sake ɗauka a kan kiɗan nan dai. Kusan kullum na biyun ya fi ƙarfi.

Salon gaɓa uku-uku a kan kowane bugu, wanda ya mamaye duniya daga 2013, yana da daɗin hawa, kuma Hausa na karɓarsa. Matsalarsa ita ce yana sa kowa ya yi kama da kowa. Yi amfani da shi layi biyu ko huɗu don sauya gudu, kada ya zama gidanka.

Babban jarin ɗan Zamfara da ɗan Kabi shi ne karin harshensa, kuma abin takaici shi ne abin da yara ke fara zubarwa. Ana shiga situdiyo a koma Kananci ko Hausar Kaduna, wai don waƙa ta shiga kasuwa. Ka kwatanta "da suka zo, na tashi na bi su" da "da sunka zo, nit tashi nib bi su". Na biyun yana da baƙaƙe masu ruɓanya, kowanne kamar bugun ganga ne a cikin baki. Haka "rigas sarki", "yat tahi", "wagga", "munka". Waɗannan kayan kiɗa ne da mawaƙin wani gari sai ya yi aro. Da yawa sai sun shekara biyar ko shida suna yawo a salon wasu kafin su dawo gida, kuma ranar da suka dawo ne ake fara gane muryarsu daga layin farko. Ba dole ka yi wannan dogon zagaye ba. Sai dai kada ka haɗa "sunka" da "suka" a baiti ɗaya ba dalili, kunnen mutanen gida na kama wannan nan take.

Abin da situdiyo ke ƙarawa

Wani sauyin da ake ji a muryar mawaƙi na na'ura ne. Tazarar baki da makirufo ta zama santimita 15 zuwa 20, da tacen iska a tsakani. In ka matso zuwa santimita biyar muryar za ta yi kauri da kusanci, abin da ya dace da waƙar tunani. In za ka ɗaga murya ka ja baya. Ƙarfin ɗauka ya tsaya tsakanin -12 da -6 a ma'aunin dB, don abin da ya fashe a ɗauka ba ya gyaruwa. A kashe fanka, a nisanta janareta, a rataya bargo a bango in ɗakin na amsa kuwwa.

Mai tasowa kan so a ninka muryarsa sau uku, a cika bayanta da ihu. Yana ɓoye rauni, amma yana ɓoye mutum ma. Yayin da kake girma ka rage: murya ɗaya a baiti, ninki a kalmomin ƙarshen layi da amshi kawai.

Auto-Tune, manhajar da ke daidaita sautin murya da kiɗa, ya fito a 1997, kuma ba laifi ba ne. Kanye West ya gina kundinsa na 2008 a kansa, shekara guda bayan rasuwar mahaifiyarsa, sanyin na'urar ya dace da halin da yake ciki. Abu biyu ke ɓata shi a nan. Na farko, a sa shi ba a san ma'aunin sautin kiɗan ba, sai ya riƙa jan murya zuwa inda bai kamata ba. Na biyu, Hausa harshe ne mai karin sauti, in waƙa ta hau inda kalma ke sauka, ma'ana na iya juyewa, "wuya" ta jiki ta koma ta wahala. Kafin ka fitar, ba wanda bai ga rubutun ba ya saurara ya faɗa maka abin da ya ji.

Yanayin zuciya

Waƙoƙin farko kusan duk kirari ne da habaici: ni ne, ba kamata, maƙiya su mutu. Wannan daidai ne ga ɗan shekara 19, gambara da kirari 'yan gida ɗaya ne. Abin da ba ya kyau shi ne magidanci mai 'ya'ya uku yana maimaita fushin da ya daina ji. Murya ba ta iya ƙarya a nan, ana jin ihun amma ba a jin zafin.

Rayuwa za ta kawo nata: aure, rashin iyaye, neman abinci, da halin tsaro da ya raba mutane da ƙauyukansu da gonakinsu a sassan Zamfara da Kabi. In za ka taɓa irin wannan, ka sauke kiɗan zuwa bugu 70 ko 80, ka rage gaɓoɓi, ka sauke murya maimakon ɗaga ta. Ka faɗi abu ɗaya da ido ya gani, gonar da ba a nome ba ko makarantar da ta koma masauki, ya fi layi goma na "muna cikin wahala". Kuma kada ka ari baƙin cikin da ba naka ba don ya yi kasuwa, waɗanda abin ya shafa suna cikin masu saurare.

Lokacin siyasa na kawo kuɗi, kowa ya sani. Ka dai lissafa cewa muryar da aka saba ji tana yabon ɗan takara, da wuya a yarda da ita gobe in ta zo kukan talaka. In za ka yi, ka san farashin.

Sauyi da gangan

Abu huɗu ne a hannunka: murya, zubi, kiɗa da jigo. Kada ka sauya fiye da biyu a aiki ɗaya. In ka sauya duka, masoyanka ba za su gane ka ba, sababbi kuma ba su san ka ba tukuna. Zaɓi alama ɗaya da ba za ta taɓa motsi ba, ko karin harshenka, ko yadda kake buɗe baiti, ko wata 'yar kalma da aka san ka da ita. Gwada sabon salo a waƙa ɗaya ko biyu tukuna, ko a baitin da aka gayyace ka a waƙar wani, inda faɗuwa ba ta da tsada. Ka ba shi wata uku kana atisaye kafin ka ɗauka, domin salon da bai zauna a baki ba ana jin mai shi yana ƙirga bugu. Alƙaluman Audiomack da TikTok za su nuna maka abin da aka danna, amma wurin da jama'a suka karɓe maka layi a taro ya fi gaya maka abin da ya shiga.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Musa Ɗanƙwairo ya fara ne cikin 'yan amshin gidansu da kiɗan noma kafin ya zama makaɗin fada da aka sani ko'ina, jigo ya sauya, muryar da karin harshen suna nan.

Tsofaffin waƙoƙi da sabuwar murya

Ranar da za ka hau dandamali kana da shekara 35, jama'a za su nemi waƙar da ka yi kana ɗan 20, da gudunta da hawan muryarta. Shiri ake yi mata tun yau. Duk waƙar da ka gama, ka karɓi kiɗanta zalla ba murya, da wani mai amshi kaɗai, in da hali har da fayilolin kayan kiɗan ɗaya-ɗaya. Situdiyo na rufewa, kwamfuta na mutuwa.

In amshin ya yi wa muryarka sama, furodusa ya sauke sautin kiɗan rabin mataki ko mataki ɗaya. Fiye da haka ganga kan yi laushi, gara a sake gina kiɗan. In gudun ne ya gagara, a rage bugu uku zuwa biyar a minti, ba mai lura. Sannan ka yi abin da makaɗan fada ke yi tun da: jagora ya ɗauko magana, 'yan amshi su ƙarasa, shi ya samu numfashi. Ka zauna da mai tallafa maka da rubutun baitin, ku ja layi a ƙarƙashin kalmomi biyun ƙarshe na kowane layi na biyu, waɗannan nasa ne. Ku yi atisaye a tsaye kuna tafiya, ba a zaune ba, domin numfashin mai yawo a dandamali bai kai na mai tsayuwa gaban makirufo ba. Waƙoƙi masu gudu ka sa su a farkon jeri, masu sanyi a tsakiya inda kake bukatar hutu.